Gonar Shekara Guda

5 ga Satumba, 1993

Zuwa ga Ustaz Nayif, Abu Wasim, a Nasira.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya mahaifiyarka. Ka yi haƙuri da Larabcina, na Basra ne, kuma rabona da aji tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Da waya zan buga, amma ka san ƙarar tarakta ta cinye mini kunnuwa.

Alfarma nake nema. Nan da kwana goma sabuwar shekararmu za ta kama, kuma ta bakwai ce, wadda Attaura ta ce Bayahude ya bar ƙasarsa ta huta, ba shuka, ba datsa reshe. Shi kuwa inabi bai san hutu ba. Mafitar da malamanmu suka bayar ita ce mutum ya sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba, ya ci gaba da aiki a cikinta, in shekara ta ƙare ya sake saye. Maƙwabtana duk sun sa hannu a takarda ɗaya an kai birni, an sayar wa wani Balaraben da ko sunansa ba su sani ba. Ni raina bai kwanta da haka ba. In zan yi ciniki a gaban Allah, ina so in ga fuskar mai saye.

Shekara ashirin kana zuwa tsinkar wa Hajiya ɓaure a itacen da ke ƙarshen gonar, ban taɓa ganin ka kai hannu kan inabi ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa na tuna da kai. Aikin minti goma ne, kuma matata Marsel za ta yi girki.

Ka huta lafiya.
Nissim Dallal, Abu Gadi

*

21 ga Satumba, 1993

Zuwa ga 'yar'uwata Inshirah, a sansanin Jenin.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara. Yamma, uwar tamu, tana nan yadda kika bar ta, ƙafa ba ta tafiya, baki kuwa ba ya hutawa.

Ki zauna kafin ki karanta. Na sayi gonar Baba ta ƙauyenmu Dair Summak. Bayahuden da ke nomanta ne ya roƙe ni, saboda wata shekarar hutu ta addininsu, kuma baɗi zan mayar masa. Kwana biyu bayan manyanmu da na Yahudawa sun yi musabahar sulhu a Amurka, ni ma na yi tawa a falon Abu Gadi, a gaban malaminsu da suke kira Hakham. Na sa hannu, na ba da kwabo guda na kuɗinsu, shekel ɗaya, aka miƙo hankici aka ɗaga, wai ciniki ya faɗa.

Kafin in sa hannu na tambayi Hakham ɗin, “Wannan ciniki na gaske ne, ko wasan yara?” Ya ce na gaske ne. Na sake tambaya. Ya gyara zama ya ce, “Ustaz, in ba na gaske ba ne, duk inabin bana haram ne a kansa.” Na tambaya na uku, sai Abu Gadi ya ce, “Kai, malaman makaranta! Abinci fa yana hucewa.”

Da na kai wa Yamma labari ba ta yi guɗa ba. Cewa ta yi, “Har da gindin ɓauren?” Na ce har da shi. Ta ce, “To, ka san inda za ka kai ni.” Kin san tun ranar da ta binne Baba a wurin da hannunta, ana harbi, ba ta taɓa yarda wai maƙabartar Nasira za ta ci ta ba. Na ce, “Yamma, gonar ta shekara guda ce.” Ta ce, “Shekara guda ta ishe ni, ɗan banza. Kai ne kullum kake makara.”

Ban gaya wa Abu Gadi akwai kabari a gonarsa ba. Bai tambaya ba, ni ma ban fara ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayanki, Nayif

*

9 ga Oktoba, 1993

Yaya Nayif,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in wannan zaman sunansa lafiya.

Na karanta wa maigidan wasiƙarka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce bai taɓa jin wanda ya sayi rigarsa daga jikin wani ba, kuma da alkawarin zai tuɓe ya mayar. Ni ban yi dariya ba. Shekel ɗaya ma da ka bayar ya yi yawa, Yaya. Da can da Yahudawan suka karɓe ta, wa suka miƙa wa hankici?

A nan yara sun fito da tutoci suna rawa a kan motoci, wai zaman lafiya ya zo. Na tambayi ɗaya ko a cikin takardar da aka sa wa hannu an ambaci Dair Summak. Ya ce, “Inna, ina ne nan?”

Maganar Yamma kuwa, kada ka ɗauke ta wasa. Matar da ta taɓa cewa za ta haihu bayan an gama tsinkar zaitun, ta kuma jira, ba za a yi mata gardamar lokaci ba. Ka sumbaci hannunta a madadina.

Ƙanwarka, Inshirah

*

17 ga Afrilu, 1994

Ustaz Nayif,

Gaisuwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, wannan farilla ce na sauke. Saura abin da ke raina.

Jiya Asabar muka fito daga ɗakin ibada, sai yara suka ce akwai Larabawa a gonata. Na taka na je. Kun riga kun tafi, sai tudun sabuwar ƙasa a gindin ɓaure da sawun mutum talatin a tsakanin kunyoyi. Kun biyo ta kwari, a ranar da ka san ba na taɓa waya, ba na tada mota, ko alƙalami ba na ɗauka. Shekara ashirin ina buɗe maka ƙofa.

Ka san wane wata muke ciki. Kwana goma sha ɗaya da tashin bam a Afula, 'yar maƙwabcina tana asibiti har yanzu. Bensiyon, shugaban kwamitin ƙauyenmu, ya tsaya a kaina yana cewa, “Nissim, yau kabari ɗaya, gobe masallaci, jibi su ce ka kwashe kayanka.” Kwamitin ya kai ƙara, suna neman a tone a mayar Nasira. Lauyansu ya kawo mini takarda in sa hannu cewa cinikinmu al'adar addini ce kawai, ba ta ba ka ikon komai ba. Takardar tana kan teburi, Marsel ta ɗora mata kwanon gishiri.

Ka yaudare ni. Ina so in ji da wane baki za ka ce ba haka ba ne.

Nissim

*

22 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Abu Gadi.

Bayan gaisuwa, na gode da ta'aziyya.

Ranar ba ni na zaɓa ba. Ta cika da asubahin Asabar, mu kuma ba ma ajiye gawa. Amma ba zan ɓoye maka ba, da na ga Asabar ce na ji sauƙi, kuma hanyar kwari ni na zaɓe ta.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun tuni. Ba ita kaɗai ce a wurin ba. Mahaifina yana gindin itacen nan tun 1948. Ba don daɗin ɓaure nake zuwa ba, a Nasira ma ana sayarwa. Kowace shekara ina cika kwando ina karanta Fatiha, kai kuma kana tsaye kana ba ni labarin tsutsar inabi. Kai ma ka san gonar wa ce kafin a ba ka ita. Ba ka taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, a haka muka yi shekara ashirin muna mutunci.

Sau uku na tambaya ko cinikin na gaske ne. Na binne uwata a gonata. In kuma ba gonata ba ce, kai ne za ka faɗa, ba ni ba.

Ba zan yi maka ciniki da ita ba. Ko ka sa hannu a takardar lauya ko ba ka sa ba, ranar da shekara ta ƙare zan zo in mayar maka da gonarka. Ka gaida maƙwabcinka da mai jiki. Ƙanwata ma ba ta ga gawar uwarta ba, an rufe hanya tun kisan masallacin Khalil.

Ka huta lafiya.
Nayif

*

12 ga Mayu, 1994

Yaya,

Salamu alaikum. Wasiƙarka ta yi mako uku a hanya, tafiyar da mota ke yi a minti arba'in.

Na yi zaman makoki a nan ba gawa, mata suna ta tambayata yaya fuskarta take, ina cewa ta yi haske, alhali ban gani ba. Amma da na ji inda ka kwantar da ita sai na sami barci. Wannan ka kyauta, ba zan hana ka ba.

Sai dai wai ka yi wa Bayahuden alkawarin mayarwa ko da ya sa an tone ta? Yaya, kanka ɗaya kuwa? Abu guda ke hannunka, ka sake shi tun kafin a nema. Ka riƙe takardar cinikin, ka ce ba ka sayarwa. Ko ba za su bar maka ba, su sha wahalar ƙwacewa karo na biyu, da rana, kowa yana kallo. In suka tone Yamma ka kuma je ka ɗaga musu hankici, kada ka ƙara rubuto mini.

Inshirah

*

19 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Ustaz Nayif, Abu Wasim.

Gaisuwa. Na gan ka a bayan ɗakin shari'a ranar Laraba, ka fita ban samu na yi maka magana ba. Ban tabbata ka ji komai ba, don ni kaina rabi na ji.

Kafin zaman na je wurin Hakham da takardar lauya. Na ce ya ba ni mafita, tunda aikinsu ke nan. Ya karanta ya ce, “Nissim, bana ka datse inabinka?” Na ce na datse. “Ka sayar?” Na ce rabi ya riga ya tafi. Ya ce, “To, ko dai gonar ta Ustaz ce ka yi aiki a gonar wani, ko kuwa taka ce ka keta shekarar hutu. Zaɓi ɗaya. Ba za ka gaya wa Allah magana ɗaya ka gaya wa alƙali wata ba.” Na ce ai maƙwabtana duka haka suke yi. Ya ce, “Su ba wanda ya tambaye su sau uku.”

Saboda haka da alƙali ya tambaye ni, na ce na sayar, kuma da gaske na sayar. Lauya ya tashi ya ce ƙasar ma ta gwamnati ce, haya nake yi, ba ni da abin sayarwa. Na ce wannan tsakaninsa da gwamnati, ni an tambaye ni abin da na yi ne. Alƙali ya cire tabarau ya ce shi bai ga gaggawar tone tsohuwa ba, tunda mai noman wurin bai koka ba. Ya ɗage zaman bai sa rana ba. An ce irin wannan fayil yana iya kwana shekara goma, yana kuma iya tashi gobe.

Kada ka ɗauka don kai na yi. Har yanzu ina jin haushin hanyar kwari. Bensiyon ya daina gaishe ni, an kuma canza mini wurin zama a ɗakin ibada, yanzu ina kusa da ƙofa, inda iska ta fi. Marsel ta ce in cire kurangar inabi uku da ke kusa da ɓauren, wai ba za ta ci abin da ya sha daga mutane ba. Na cire, na sa ƙaramar ƙofa ta gefen kwari, tunda can kuka fi so. Ba makulli.

Shekara za ta ƙare ranar biyar ga Satumba da faɗuwar rana. Ina jiranka.

Ka huta lafiya.
Abu Gadi

*

6 ga Satumba, 1994

Inshirah,

Salamu alaikum. Ba a tone ta ba, saboda haka ina da izinin rubuto miki.

Jiya na mayar da gonar. Ya miƙo mini shekel ɗina, shi ne dai wanda na ba shi, ashe a cikin kofi ya ajiye shi. Muka ɗaga hankici. Bai ce na gode ba, ni ma ban ce ba.

Da zan tafi ya rako ni har gindin ɓauren, ya tsaya nesa na yi Fatiha. Na auna gefen Yamma da taku, akwai wurin mutum biyu. Ya gan ni ina aunawa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce da ƙarfi, irin na kurame, “Shekarar hutu ta gaba sai shekara ta dubu biyu. Kada ka kuskura ka mutu kafin nan.”

Na ce zan yi ƙoƙari. Ke ma ki yi.

Yayanki, Nayif