Baba da Gyaɗa Kai

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan alhamdu lillahi, Auta ya gama jarrabawa, ƙafar Goggo ma ta yi sauƙi har tana fita unguwa. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shi ne maganar kunnen Baba.

Ka san tun da jinsa ya ragu, sana'arsa ta gyaran rediyo ma ta koma lalube. Yakan kara yatsa a jikin sifika don ya gane ko tana magana. Mun je asibiti, likita ta ce wani ɗan ƙashi ne a can ciki ya daskare, kuma tiyata za ta gyara shi. Sai ta tura mu wurin likitan da ke sa barci, shi kuma ya ba mu zaɓi. Ko a yi masa allurar barci mai nauyi, ba zai san komai ba sai an gama, amma da wannan hakin na ƙirjinsa akwai ɗan haɗari. Ko kuma a kashe zafin wurin kawai, a ba shi maganin da zai sa shi gyangyaɗi. Wannan ya fi sauƙi ga ƙirjin, sai dai da sharaɗi: kansa ba zai motsa ba ko kaɗan, domin motsi ɗaya na iya kashe kunnen gaba ɗaya.

To Yaya, ka san halin mutuminka. Tun da kunnen ya yi nauyi, duk abin da aka faɗa sai ya gyaɗa kai, wai kada ya wahalar da mutane su maimaita. Likitan ya faɗi na farko, Baba ya gyaɗa kai. Ya faɗi na biyu, ya sake gyaɗawa. Bawan Allah ya dube ni yana tambaya wanne aka zaɓa, na ce ya ba mu lokaci mu yi shawara. Da muka dawo na kwantar da shi a tabarma don gwaji, na ɗaga murya a kunnen mai ɗan dama-dama na ce kada ya kuskura ya gyaɗa kai. Wallahi sai ya gyaɗa. Auta ya yi dariya har da faɗuwa, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka.

Ni da farko na fi karkata ga barcin mai nauyi. Amma jiya a shago, yana cikin kwance murfin wata rediyo, ya ce mini shi ba zai yarda da shi ba. Ya ce marigayiya Inna ma haka ta ɗaga masa hannu a ƙofar ɗakin tiyata, ta ce sai ta farka, kuma har yau yana jira. Na gaya masa ciwonta daban ne, likitoci ma sun faɗa. Ya gyaɗa kai, ban san ko ya ji ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsoro nake ji, Yaya. Gaba kura, baya sayaki: can ƙirjinsa, nan kunnensa. Likita na jiran amsarmu kafin ta sa rana, ni kuma ba zan iya ɗaukar wannan ni kaɗai ba. Kai ne babba, kuma maganarka yake ji. Amma don Allah kada ka kira shi a waya, ka rubuto da manyan baƙaƙe ya karanta da idonsa. In ka kira, gyaɗa maka kai zai yi, kai kuma ba za ka gani ba.

Ka gaida Anti da Ƙaramin Baba da 'yan biyu. Goggo da Auta suna gaishe ka. Na tambayi Baba ko in sa gaisuwarsa, ka san amsar da ya ba ni.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Uwar Gida Ƙarama