Aljanin da ke da fukafukai da matuƙi

Hajiya Barira, ki taimake ni kafin in ɓata zumunci.

"Ki dawo gida, 'yarki 'yata ce, ba mai ɗaga mata murya ina raye." Haka yayana Malam Badaru ya faɗa min a waya ranar da muka gudo daga birnin Omdurman na Sudan. Shi ya manta, ni ban manta ba.

Na daɗe ina koyarwa a can. Da yaƙi ya ɓarke, jirage suka riƙa sako bama-bamai a unguwarmu. Wani hantsi mijina ya tafi layin burodi, aka sako ɗaya a kan kasuwar. Ko gawarsa ba mu samu ba. 'Yata Asiya tana bakin ƙofa ta ga hayaƙin ya tashi.

Yanzu muna gidan Yaya a wani ƙauye bayan Ungogo, inda jiragen da za su sauka Kano ke bi ta kan gonaki. Asiya budurwa ce, ta sauke Alƙur'ani, amma da ta ji ƙugin jirgi sai ta yar da abin da ke hannunta ta shige ƙarƙashin rumbu tana makyarkyata. Yaya ya yanke hukunci wai aljani ta kwaso a hanya. Ya kawo mai ruƙiya, suka kulle ta a ɗaki suka banka mata hayaƙi. Da ta yi ta kiran ubanta da Larabci, sai mutumin ya ce ga aljanin nan ya yi magana, Balarabe ne. Yarinyar da aka haifa a Sudan, da wane harshe za ta yi kuka?

Na karanta littattafan da Yaya ya karanta, har da waɗanda ya jera don ado. Ban ƙaryata aljanu ba. Amma wannan na gan shi da idona, fukafukai gare shi da matuƙi.

Na ba Yaya wa'adi zuwa Juma'a ya sallami mai ruƙiyar. In bai yi ba, ran Asabar zan tsaya gaban ɗalibansa in maimaita masa alkawarinsa, in ɗauki 'yata mu koma kangon mahaifiyarmu a Makoda, mu noma gyaɗa mu ci. Na yi kuskure?

Wadda ta dawo daga Sudan

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. A kan Asiya kina da gaskiya. Firgicin yaƙi ciwo ne sananne, kuma yana da magani. Kada ki jira Juma'a a kan hayaƙin, daga yau ba ƙari. Ki kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan. Addu'a kuwa ke ki riƙa tofa mata, ƙofa a buɗe, hannunta cikin naki.

Amma Malam bai taɓa jin ƙarar bom ba. Ya karɓe ku cikin wannan tsadar rayuwa, ya kuma kawo maganin da ya sani. Ko kin taɓa ba shi labarin wancan hantsin kamar yadda kika ba ni? Ki ba shi, ku biyu kaɗai. Gaban ɗalibai kunyata shi kawai za ki yi, Asiya ta rasa kawu bayan ta rasa uba.

Makoda kuwa ku tafi, ko ya sallami mutumin ko bai sallama ba, domin nisa da ƙugin jirgi ma magani ne. Ki ce ya rufa muku kangon, ta nan zai cika alkawarinsa.

Allah ya ba Asiya barci mai daɗi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.