Furen da Ya Ƙwace Mana Gida

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai idon Mama da ke ƙara dushewa. Likita ya ce ba zai yi mata aiki ba sai sukarinta ya sauka.

Yaya, maganar furenki ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba kya bari in kai ƙarshen zance. Ɗan reshen da kika dasa a gindin katanga kafin ki tafi, yau shi ne mai gida. Ya shaƙe bishiyar lemo ta daina 'ya'ya, ya cinye mini wurin alayyafo, saiwarsa ta fasa bututun ruwa sau biyu. Mai gyaran famfo ya ce in na sake kiransa, sai dai in ware masa ɗaki. Na sare shi da adda, ƙaya ta yayyage mini hannu, bayan sati biyu ya tsiro a wuri bakwai. Ya tsallaka gidan maƙwabcinmu tela, akuyarsa ta ci ganyen ta mutu. Tun ranar matarsa ta daina amsa gaisuwata.

Jiya na ɗauko fartanya zan tone shi, sai Mama ta riƙe ni. Ta ce gidan duk ya zame mata hayaƙi, ko fuskata ba ta ganewa, jan furen nan kaɗai take gani in ta zauna a baranda. Dole na ajiye fartanyar. Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Ke kuma kina can kina cewa kada a taɓa shi, alhali ƙayarsa ba ta taɓa sukarki ba.

To, ranar Asabar zan tone shi in ƙona. Tushe ɗaya zan bari a cikin tsohuwar garwa, a kan siminti, daidai gaban kujerar Mama. Ba izini nake nema ba. Ki kira ta kafin ranar ki lallashe ta. Ni nake wanke mata ido, amma ke take jin maganarki.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu. Mama da Baffa suna gaishe ki, Goggo ta ce kin yi mata shiru.

Ƙanwarki da ta gaji,
Auta