Ranar da Abba Ya Ce Ya Karɓa

Laga Boru, ta wajen Jimma

Zuwa ga yayana Awol, a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka aiki da zafin garin nan, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarmu Ayyo tana fama da ciwon bayanta amma ba ta kwanta ba. Akko kuwa ido ya ƙara rauni, sai dai bakin yana nan yadda ka bar shi, kullum sai ta tambaya ko jikanta ya sami mai dafa masa gahawar kirki a can. Ƙanwarmu Bontu ta iya karatu yanzu, har allon kanti ba ta bari. Mun gama jarrabawa, muna hutun damina.

Yaya, Abba ya ce in rubuta maka cewa komai lafiya. Na rubuta, ga shi nan a sama. Sauran maganar tawa ce, kuma gara ka ji ta daga gida da ka tsince ta a bakin wani ɗan garinmu a can.

Bana taki bai iso ba har aka shuka masara. Ka san Abba ne shugaban kebele, wato mazaɓar ƙauyenmu, ƙofarsa ce kaɗai talaka zai iya bugawa, don haka tun da asuba mutane ke cika mana tsakar gida. Ya je gunduma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wata rana a bayan babur, wata rana a ƙafa cikin taɓo. Can sai su ce masa shiyya suke jira. Masara ta fito rawaya, siririya kamar tsintsiya. Obbo Jabal, maƙwabcinmu, ya riƙa tsayawa a bakin shinge yana cewa wai shugaba ya taimaka ya ba su aron hularsa su zuba a gona, ko ita ta yi maganin yunwar ƙasa. A lokacin har Abba yana dariya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a daidai wannan zangon Malama Lalise take koya mana aikin kowane mataki na gwamnati. Gwamnatin tarayya ke sayo taki daga waje, jiha ta karɓa ta raba, shiyya da gunduma su sauko da shi. Na kebele shi ne ya faɗi abin da mutanensa ke buƙata, in kaya ya zo ya tsaya a raba da adalci. Ɗan majalisa kuma shi ke da ikon tsayar da minista ya tambaye shi, tunda daga majalisa firaminista da gwamnatinsa suke samun ikonsu. Na haddace duka. Ina zaune a aji ina rubutawa, ina hango Abba ta taga yana wucewa da wandonsa a nannaɗe.

Da ƙorafi ya yi yawa, aka ce za a yi gimgema. Ba ka taɓa shiga ba, amma ka sha jin Abba yana ba da labari: zaman da ma'aikata ke yi a rufe ƙofa, a tayar da mutum tsaye a faɗi kurakuransa. Wanda ya yi gardama a ce bai da ladabi, a sauke shi. Wanda ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa, a yi masa faɗa a mayar da shi kujerarsa, a fito a sha gahawa tare. Duk shekarun nan haka Abba yake yi, ko laifinsa ne ko ba nasa ba. Yakan ce kalma ce kawai, kamar sallama, kowa a ɗakin ya san ma'anarta.

Sai dai wannan karon ba a ɗaki aka yi ba. Ɗan majalisarmu ya zo hutu daga Finfinne, babban birnin ƙasa, aka ce a yi zaman a filin makaranta, gaban jama'a, don a ga gwamnati tana sauraren talaka. Ni aka ba furanni in miƙa masa. Ya yi magana mai daɗi, ya ce shi aikinsa doka da tambaya, kuma ya tambayi minista a zauren majalisa, minista ya ce kaya sun tafi jihohi. Wakilin jiha bai zo ba, ya aiko da gaisuwa. Mutumin shiyya ya ce su ba su da rumbu, hanya ce kawai su, abin da ya shigo ta gabas ya fita ta yamma. Shugaban gunduma ya ce da kebele ta kai kukanta da wuri, da ya san yadda zai yi. Haka maganar ta yi ta gangarowa kamar ruwa, ka kuwa san ruwa ba ya tsayawa sai a kwari. Aka ce Abba ya tashi.

Ya tashi, Yaya. Ya cire hula, ya dubi ƙasa, ya ce ya karɓa, laifinsa ne, zai gyara. Ya faɗa da irin muryar da ya saba, yana jiran a ce ya zauna. Bai tuna cewa mutanen da ke zaune a ciyawa ba su taɓa shiga wancan ɗaki ba. Su abin da suka ji shi ne mutum ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe musu masara. Fili ya ɗauki guna-guni. Manyan da ke kan kujeru ba wanda ya buɗe baki ya ce al'ada ce kawai. Ɗan majalisa ma yaba masa ya yi, wai ga shugaba mai gaskiya. Da suka ga jama'a ta fusata, kafin motocinsu su bar gari an sauke Abba, an ɗora Obbo Jabal.

Ba kujerar ce ta dame shi ba, ya ce ma ya huta da taɓo. Gayya ce. Da lokacin noma na biyu ya yi, ya kira gayya kamar kowace shekara. Ayyo ta tashi da wuri ta toya wainar buddena tuli, ta yi miya, ta soya gahawa har ƙamshi ya cika unguwa. Rana ta ɗaga ba wanda ya zo. Mutanen da Abba ya yi wa noma, ya sasanta musu iyakar gona, ya raka su asibiti, suna wucewa da garmarsu suna kallon wani gefe. Wata matar unguwarmu, Adde Zamzam, ta gaya wa Ayyo a bakin rafi cewa ta daina wahalar kare miji, ai ba wani ya ɗora masa ba, shi ya ce. Akko ta ce a kai wa shanu abincin, su dai ba su je taro ba. Mu huɗu muka shiga gonar, har da Bontu, kuma har yau ba mu kai rabi ba.

Na yi ta maza na tambaye shi me ya sa bai fito ya bayyana wa mutane ba. Ya ce in ya ce ƙarya ya yi a gaban manya, to wa zai yarda da shi yanzu, kuma magana zarar bunu ce. Takin ya iso a makon jiya, masara ta riga ta fid da kai. An zo da mota an ɗauki hoton Obbo Jabal a kan buhuna.

Ba wani abu nake roƙo ka aiko ba. Ka kira shi kawai, ka tambaye shi shanu da bishiyoyin gahawa, ka bar shi ya yi ta ba ka labari. Amma don Allah kada ka ce masa ranka ya daɗe shugaba, irin wasan nan da kake masa. Yanzu a hanya yara ke faɗa masa haka.

Ayyo tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Akko ta sa maka albarka, Bontu ta ce kada ka manta da ita. Ka gaishe mini da Kawu Tahir da matarsa Adde Rahima da jaririnsu. Ka san nakan cika ƙarshen takarda da gaisuwar maƙwabta har wuri ya ƙare. Wannan karon na bi gida-gida na ce zan rubuta maka, ba wanda ya ba ni saƙo.

Allah Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Iftu