Likitan Husainatu Ya Tafi Da Ƙasarsa

Maigatari,
Kakar 1958.

Zuwa ga Yayana Gwadabe a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ka da sharrin hanya da na kasuwa. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kyau, gyaɗa ma ba laifi. Iya tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, ta ce a tambaye ka ko goron Kumasi ya ƙare ne da ba ka aiko mata ba. Za ka ga rubutun a karkace, da hannuna na yi shi. Ban kai wa malamin da ke rubuta mana ba, domin maganar ba ta kunne uku ba ce.

Maganar 'yarka Husainatu ce, wadda ka ba ni riƙo. Ka tuna farin tabon nan na damtsenta da na gaya maka bara. Tun da aka tabbatar kuturta ce ta soma, ni da Malam Barau maigidana muka rufe bakinmu, ko Iya ba ta sani ba. Ran Alhamis, in kasuwa ta watse, sai mu bi mutanen Nijar, ƙasar da ke hannun Faransa, masu komawa gida mu ƙetare iyaka, kamar za mu gaida dangi. A wani ƙauye kan hanyar Dungas muke samun Likita Kamara, mai yawo da keke yana raba ƙwayoyi a gindin tsamiya. Yakan sa ta rufe ido, ya goga mata auduga a tabon, ya tambaya ko ta ji. Da damina ta fara cewa tana ji. Ran nan har da rawa na yi a hanya, Yaya, ni da girmana.

To, ana wata ga wata. Ka dai ji labarin ƙuri'ar da Faransa ta sa ƙasashen da ke hannunta suka jefa: wanda zai zauna cikin sabuwar tarayyarta, kuɗi ɗaya, soja ɗaya, kasuwa ɗaya, ya ce i, wanda zai fita ya ce a'a. Na kwana ina addu'a maƙwabtanmu na Nijar su zauna, ba don na san siyasa ba, don ƙwayar yarinyar nan kawai. Da aka ce sun zauna, har ƙosai na yi sadaka. Ashe ƙofar da nake tsaro daban, wadda ɓarawo ya shigo daban. Wata ƙasa can bakin teku, Gini, ita kaɗai ta ce a'a, kuma Likita Kamara ɗan can ne. Ni da ban taɓa jin sunanta ba, sai ga ta a tsakar gidana.

Zuwanmu na ƙarshe mun tarar ya ɗaure kayansa a bayan keke. Ya gaya mini da Hausarsa mai gargada cewa fitar ƙasa ba kamar fitar baƙo ba ce da zai ɗauki takalminsa ya yi sallama. Ya ce rabon gida ake yi cikin fushi: Turawan can suna janye ma'aikatansu da likitocinsu, ana cewa har wayar tarho da magungunan asibiti suna lodawa a jirgi. Shi kuma da jiya yake ɗan gida, yau kumandan Turawan yankin ya ce masa baƙo ne, sai ya zaɓi ko aikinsa ko ƙasarsa. Ya ce uwarsa tana can, kuma can ɗin babu mai ba da magani yanzu. Na so in ji haushinsa, na kasa. Ku da Ingila ta sake ku bara ba ta kwashe ko allura ba, ku gode wa Allah. Ya juye mini 'yan ƙwayoyin da suka rage a gwangwani, ya ce kada a bari magani ya yanke, in ya yanke ciwon yakan dawo da ƙarfinsa. Ba a turo kowa a madadinsa ba, gwangwanin kuwa ya daɗe da zama wofi.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Akwai inda ake raba irin ƙwayar a Gumel, amma a fili ake layi, da rana tsaka, kuma babu gidan da ba a san mu ba daga nan har Ɗanzomo. In aka gan mu, an daina sayen ƙuli-ƙulina, an ware mata ƙwaryar shan ruwa, sa'o'inta sun daina gaɗa da ita. Malam Barau ya ce mu jira izininka, tunda kai ne uba. Da farko na yarda.

Amma shekaranjiya muna suyar gyaɗa, ta jingina damtsen nan da bakin kasko tana ba ni labari tana dariya. Ni na ji ƙaurin, ita ba ta ji zafin ba. Saboda haka ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Gobe zan gaya wa Iya, jibi in kama hannun Husainatu mu hau motar Gumel, mu tsaya a layin nan kowa ya gan mu. In ka yi fushi, ka taho ka yi shi a gabana, ka same ta da yatsunta goma.

Ka gaida Yaya Larai da Ilu da auta Mairo. Malam Barau yana gaishe ka. Husainatu ta ce ka sayo mata warwaro, na ce zan faɗa. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Safiyatu.