Awarwaron da Mijina ya Ɗaura Mini

Gwaggo Ngone,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ba ni da wanda zan iya faɗa wa a gida. Ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Thiès. Ni na saba ce wa mata su daure su ja numfashi, yau ga shi nawa ya gagare ni. Ki yi haƙuri idan maganar ta yi tsawo, kaina ba a daidai yake ba.

Mijina Bature ne, ɗan Beljiyam. Na san abin da wasu za su ce tun daga nan, na ji shi har ya ishe ni. Ba a bakin teku na tsince shi ba. Injinan sanyaya kifi yake gyarawa, yana zuwa ya yi watanni ya koma ƙasarsu. Ranar da na fara ganinsa, matar wani ma'aikacinsa ya kawo mana a bayan mota tana naƙuda, shi har ya fi mijin rikicewa. Sunansa Bastien. Ya musulunta, babana da bakinsa ya raɗa masa Daouda, aka ɗaura aurenmu a masallacin unguwa aka raba goro. Dangin babana sun so su hana, suka ce Bature ba aure yake yi ba, hutu yake zuwa yi. Babana ya kafe, ya ce shi mutum ya gani ba fata ba. Har yau akwai ƙanensa da ba ya taka gidanmu saboda wannan. Takardar ofishin magajin gari ce kaɗai ba mu yi ba. Kullum sai Daouda ya ce idan ya dawo, ni kuma ban matsa ba, don a wurinmu abin da liman ya ɗaura ya ɗauru.

Watan jiya wansa Olivier ya zo da matarsa Maryse, karonsu na farko. Daouda ya ce mu kai su Saly mu yi 'yan kwanaki a ɗaya daga cikin manyan otal ɗin bakin teku. Na ɗinka sababbin kaya, na yi kitso, na yi lalle. A ƙasar nan aka haife ni amma ban taɓa kwana a irin wurin ba, ina ta rawar ƙafa kamar yarinya ranar Sallah.

Da muka isa aka zaunar da ni da Maryse aka ba mu zoɓo mai sanyi, mazan suka tafi wurin karɓar baƙi. Daouda ya zo ya karɓi katin shaidata, wai za su ɗauki hotonsa. Ya ɗan jima, sannan ya dawo da awarwaron roba irin wanda suke ɗaura wa baƙi a hannu. Nasu su uku shuɗi ne, nawa ruwan ɗorawa. Shi ya kama hannuna ya ɗaura mini. Na tambayi dalilin bambancin, ya ce nawa na waɗanda ba sa shan giya ne, don kada masu hidima su dame ni da kawo kwalba. Na ce to kai fa? Ya yi dariya ya ce Bature ko daga Makka ya dawo shuɗi za su ba shi.

Gwaggo, daɗi na ji. Na kira mahaifiyata na gaya mata irin kulawar da mijina ke yi da addinina. Na ɗaga hannu na ɗauki hoto da teku a bayana, na tura zauren danginmu na waya. Idan na tuna wannan hoton sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ce ban karanta ba. Mai kawo abinci sai ya tambaye ni da wa nake kafin ya ajiye faranti. Mai ba da tawul ya ce sai maigida ya zo da kansa. Na fita ƙofa in sayo wa Maryse mangwaro, mai gadi ya tsare ni a rana har sai da aka buga waya ɗaki. Na ɗauka rainin da muka saba ne, baƙar fata ya ga baƙar fata a wurin Turawa. Har wasu 'yan Dakar na gani da 'ya'yansu, matar da mayafinta har ƙasa, dukansu da shuɗi a hannu, na yi musu istigfari a zuciyata wai mashaya ne. Kin ji wautata.

Rannan mazan suka tafi kamun kifi a jirgin ruwa. Bayan la'asar Maryse ta ja hannuna wai mu leƙa gidan cacar otal ɗin, ta ji ana kiɗa a ciki. Ni ba caca nake yi ba, rakiya ce kawai. Mai gadi ya buɗe mata ƙofa da murmushi, ni kuwa ya sa hannu ya tare. Fuskata bai kalla ba, wuyan hannuna ya kalla, ya ce ina wanda ya kawo ni. Ya nuna mini wani benci a gefe ya ce in jira shi a can.

Akwai wata yarinya a kan bencin, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta matsa ta ba ni wuri, ta ce, "Zauna, Anti, ba sa barinmu shiga sai da wanda ya kawo mu. Sabuwa ce ke, ko? Ban taɓa ganinki ba." Na ɗaure fuska na ce mata ni da mijina na zo. Ta ɗaga hannunta kusa da nawa, launi ɗaya. Ta ce, "Dukanmu da mazajenmu muke, har ranar da jirginsu zai tashi."

Ita ta buɗe mini ido. Ruwan ɗorawa na matan da baƙi ke shigowa da su ne daga waje. Katin shaidarki yana hannunsu, ba za a ba ki ba sai namijin ya zo ya ce ba abin da ya ɓace masa a ɗaki. Kowa a otal ɗin ya san haka, daga manaja har mai shara, har masu talla a bakin ruwa. Ni kaɗai nake yawo da shi ina ɗaga hannu.

Da Maryse ta gane sai ta tada hankalin wurin, sai da aka kira manaja. Ya zo da ladabinsa mai sanyi, ya ce doka ce don tsaron baƙi. Ya ce sun nemi takardar aure a wurin maigida, babu, sun yi masa bayanin awarwaron, ya ce ba damuwa. Na tambaye shi ko maigidan ya ce musu matarsa ce ni. Ya ce abin da ya faɗa shi ne tare muke. A nan Maryse ta faɗi abin da ban taɓa sani ba, wai ita da Olivier ba su taɓa ɗaura aure ba, ba a coci ba, ba a ofis ba, zama kawai suke yi, kuma ba wanda ya tambaye su takarda. Wadda nake kira facalata ke nan. Ni da aka tara jama'a aka yi fatiha a kaina, ni ce a benci.

Daouda ya dawo da ƙaton kifi a hannu yana washe baki. Bai musa ba. Ya ce ya gaji da tuƙi a ranar, wansa na tsaye yana jira, ba ya son rigima a gaban baƙi, kuma ya ga idan ban sani ba ba zan ji ciwo ba. Ya ce roba ce kawai. Na yanke ta da almakashin mai gyaran ɗaki na haɗa kayana. Amma kafin a ba ni katina, sai da ya sauko ya tsaya a gabansu ya ce ba abin da ya ɓace masa. Ina tsaye ina ji. Wannan ne ba ya barina in yi barci.

Yanzu ina gidanmu, na ce musu ba ni da lafiya. Ɗan gwaggona Saliou tasi yake ja a Saly, ya ga hoton tun ranar. Da ya zo gaishe ni sai ya kalli hannuna ya kau da kai. Daouda kuma kullum yana zuwa ya zauna da babana suna shan shayi, babana na kiransa ɗana yana dariya, ni ina ɗaki zuciyata na tafasa. Olivier ya ce na mai da ƙaramin abu babba. Tafiyar Daouda ta kusa. Idan na gaya wa babana, na ba waɗanda suka yi masa dariya gaskiya. Idan na yi shiru na koma, ban san da wane ido zan riƙa kallonsa ba. Abin haushin, har yanzu ina sonsa. In koma ko in ce ya sauwaƙe mini?

Ungozomar da aka zaunar a benci, Thiès

'Yata,

Ba ki mai da ƙaramin abu babba ba. An ci mutuncinki, kuma wanda ya kamata ya tare miki shi ya riƙe hannunki aka ci. Gara Olivier ya yi shiru, ba shi aka tsare a rana ba.

Zan ba mijinki haƙƙinsa. Ban ga alamar yana ƙinki ba. Mai ƙinki ba zai riƙa zuwa kullum ya zauna gaban mahaifinki ba. Mutumin da ba a taɓa tare shi a ƙofa ba sau da yawa bai san nauyin ƙofa ba, kuma gajiya da gudun rigima sun sa maza da yawa, farare da baƙaƙe, sun yi ragwanta a inda ake buƙatar kalma ɗaya. Amma maganar roba ce kawai ba ta shiga ba. Ba wanda ke ƙirƙiro ƙarya saboda roba. Ya san ma'anarta, shi ya sa ya lulluɓe ta da addininki don ki karɓa da murna. Wannan ne laifin, kuma shi zai nemi gafara a kai, ba gajiya ba.

Kada ki nemi saki da zuciya tana tafasa, kada kuma ki koma a kan ban haƙurin fatar baki. A fili aka kunyata ki, a fili za a wanke ki.

Ki fara da mahaifinki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, abin da Saliou ya sani gobe yana wurin masu shayi. Gara ya ji a cikin gidansa. Amma ba ke za ki faɗa ba, Daouda ne zai faɗa, kina zaune. A hannun dattijon nan ya karɓi suna ya karɓi mata, shi zai yi wa bayanin yadda sunan ya tsaya a ƙofar otal bai shiga ba. Kada ki ji tsoron dariyar dangi. Mahaifinki ya ce mutum ya gani, to ga ranar da za a gwada.

Sai takarda. A nan ke ma kina da naki, ke da kike ce wa masu jego kada su yi wasa da takardar haihuwa. Aurenki ya ɗauru a wurin Allah, amma gado da asibiti da 'ya'yan da za ku haifa takarda za su tambaya. Ku je ofishin magajin gari kafin ya tafi. Idan lokaci ya ƙure ya ɗaga tafiyar, jirgi ba ya ƙarewa. Ki kuma tambaye shi ido da ido ko akwai abin da ke hana shi a can ƙasarsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Otal ɗin ma kada ki ƙyale su. Dokar da ta nemi takarda a wurinki ta bar Maryse ba ta tsaro ba ce, ta fata ce, kuma 'yan ƙasarmu ne ke tsaye suna zartar da ita a kan 'yan uwansu mata. Ki kai ƙara hukumar yawon buɗe ido, ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata, Maryse ta ba da shaida tun tana nan.

Akwai abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai. Na ji a wasiƙarki kamar rabin zafin shi ne an haɗa ki da waccan yarinyar. A duk otal ɗin nan ita kaɗai ta matsa ta ba ki wuri ta gaya miki gaskiya. Ko mene ne ya kai ta can, ita ma 'yar wani ce, ba ta cancanci a yi mata alama a hannu kamar akuyar kasuwa ba. Idan za ki kai ƙara, ki kai har da nata.

Na san ba ki yar da awarwaron ba, mu mata ba ma yar da irin wannan. Ki ba Daouda. Ku koma otal ɗin da rana tsaka, tun kafin takarda ta fito, ya ajiye shi gaban manaja da mai gadi ya ce, wannan matata ce, ni na yi kuskure. Idan ya faɗa, ki koma ɗakinki da kanki a sama, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Idan kuwa ya sake cewa ya gaji, ko ba ya son rigima, to kin ji amsarki daga bakinsa, ba sai kin sake rubuto mini ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsare miki mutuncinki, ya ba shi ƙarfin halin faɗin abin da ya kasa faɗa a ranar farko.

Gwaggo Ngone