Sabbin Ƙafafun Jimina

Zuwa ga yayana, marigayi Idi Direba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ina rubuta wa ofisoshi takardun da ba wanda ya karanta, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurina.

Dalilin rubutowa shi ne na taɓa motarka. Gara ka ji daga bakina.

Ka tuna yadda ka cire mata sufirin na baya ka sa na bas, ka cusa guntayen tsohuwar taya a tsakanin naɗinsa, don ta iya ɗauko buhunan riɗi daga Gwaram. In ba kaya, hancinta a ƙasa, bayanta a sama, har 'yan tasha suka sa mata Jimina. Na sha gaya maka wannan jahilci ne. Kai kuma amsarka ɗaya ce kullum: "Malam Sani, takardarka ta taɓa ɗaukar buhu?"

Bayan ka tafi, 'ya'yanka suka ce a sayar da ita. Inna ta ce a dakata. Tana so a kai ta Zandam ta ga ƙanwarta, kuma ba za ta shiga kowace mota ba sai taka. In tafiyar ta yi mata, Jimina ta zauna a gida. In ba ta yi ba, a kira dillali. Ka san ciwon bayan Inna, ko tabarma sai an ninka mata biyu.

Sai na ga dama ta samu. Ɗalibaina sun zama manya, suna wuce ni a motoci masu baƙin gilashi, ba mai ɗaga hannu. Na ce bari ilmin nan ya yi amfani sau ɗaya kafin a binne mu tare. Mako biyu na yi ina karatun ƙafar mota a waya, kamar mai shirin jarrabawa.

A kasuwar kayan mota ta Kano, mai shago ya jera mini shokazoba iri uku. Akwai na Beljiyam, wanda wani ya riga ya cinye ƙuruciyarsa. Akwai sabo a kwali, amma yadda aka ƙera shi haka zai mutu, kamar ma'aikacin gwamnati. Na ukun yana da zobe da ake juyawa da sufana, mota ta ɗaga ko ta sauka, ga kuma ɗan maɓalli mai ƙas-ƙas goma sha shida, daga laushi zuwa tauri. Shi na ɗauka. Abin da zai bi umarnina ya yi ƙaranci a duniyar nan.

Abokinka Ado Bakanike ne ya ɗaura su a Birnin Kudu, yana yi yana tsaki. Ya tuna mini cewa kai ba ka taɓa auna mota babu kowa a ciki ba. Ƙattin tasha uku kake kira su zauna a baya, ka tsuguna ka duba. Na ce masa wannan zamani ya wuce. Na kai ta kan siminti, na fito da rula da alli, na daidaita kusurwa huɗu cif, na mayar da maɓallin ƙarshen laushi.

Ranar tafiya Inna ta zo da Hajiya Kande maƙwabciyarta, wadda ka san ita kaɗai ta kai biyu daga cikin ƙattinka. Ga buhun shinkafa na tsaraba, ga jarkar man gyaɗa, ga turmi sabo. Muna barin kwalta, a kwalbatin farko, cikin Jimina ya goga ƙasa har salansa ta yi kuka. Na sauke kowa, na sa jak, na kwanta a ƙasa da farar babbar rigata ina juya zobe. Manoma suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, wasu har da Malam Hedimasta.

Bayan na ɗaga ta, Yaya, sai tafiya ta yi kyau. Ramuka suna wucewa a ƙarƙashinmu kamar muna kan katifa. Na gyara hula ina jiran yabo.

Na duba madubi na ga Inna ta ɗaure fuska tana shafa kujera. Can ta ce in tsaya. "Wannan ba motar Idi ba ce," in ji ta. "A sayar."

A nan na gane. Motarka tana gaisawa da kowane rami, haƙoran Inna su haɗu, ta zage ka, kai kuma ka yi dariya. Abin da ta fito nema ke nan, ni kuwa na je har Kano na sayo abin da zai share shi.

Na sake fita, na murɗa maɓallan nan har ƙarshen tauri, ina ƙirga ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya. Ramin farko, kan Hajiya Kande ya bugi rufi, goronta ya yi tsalle ya faɗo a cinyata. Inna ta dafe ƙugu ta ce, "Idi, ɗan banza, kashe ni za ka yi." Na ga ta ja bakin mayafi ta goge ido. Ban gyara mata sunan ba, kuma ban ƙara kauce wa rami ko ɗaya ba har Zandam.

Kwana uku ta yi a can ana shafa mata man zafi, tana ba kowa labarin tafiyar. Jimina na nan a ƙofar gida, ba wanda ya sake ambaton dillali. Yanzu ina da ƙafar mota mafi kyau a unguwarmu, na saita ta ta yi daidai da sufirin ɗin bas da guntun taya. A wannan ma ka ci ni, kamar yadda ka saba.

Ina kewar dariyar nan, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa hanyar da ka bi ta fi ta Zandam laushi. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka da har yanzu bai ɗauki buhu ba,
Sani